Amsa ga Malamar da aka ba aji biyu a sabon zango

Salamu alaikum Malama. Kin ce an ba ki aji biyu na firamare, yara sun haura tamanin, kina neman wasannin da za ki yi musu a makon farko don su saki jiki da ke. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, don nan na fito. Na ga wasu sun turo miki hotunan azuzuwan Turai masu kafet da kujeru kala-kala. Allah ya saka musu da alheri, amma mu da rabin yaranmu ke zaune a ƙasa, wasu a bakin taga, waɗannan hotunan ba za su fisshe mu ba.

Ki fara da suna. Kada ki tsaya kan kiran rajista kawai, don a aji guda sai ki samu A'isha bakwai, Muhammadu ba a magana. Ki fitar da su gindin bishiya su yi da'ira, ki dunƙule tsohuwar takarda ta zama ƙwallo. Wanda aka jefa wa ya faɗi sunansa, da sunan da ake kiransa a gida, da unguwarsu, sannan ya jefa wa wani. Sunan gidan nan shi ne maganin, da kin kira yarinya Ummi ko Iyami sai ki ga fuskarta ta washe. Kuma kin san Bauchi, a ajinki akwai Bafulatani, akwai Bajari, akwai Basayi. Ki ce kowa ya koya wa aji gaisuwar safe da harshen gidansu. Yaron da bai buɗe baki ba tun safe, ranar shi ne malami.

Amma ƙanwata, kafin ki yi ko ɗaya, ki rubuta shi a littafin shirin darasinki, ki kai wa hedimasta ya sa hannu. Ina faɗa miki ne saboda abin da aka yi mini. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, ina tsaka da kacici-kacici da yara, na ce “Baba na ɗaka, gemu na waje,” aji ya kaure da ihun “hayaƙi! hayaƙi!”, sai ga hedimasta ya faɗo ba ko sallama, da bulala a hannu. A gaban yaran nan ya ce wai gwamnati ba ta biyana albashi don in zo in yi tatsuniya, in tatsuniya nake so in koma ɗakin kakata. Ya zane yara uku na gaba-gaba, waɗanda laifinsu kawai sun san amsa. Bai tsaya nan ba, da aka fita tara ya tara malamai a ofis ya maimaita, har yana kwaikwayon muryata, wasu na dariya. Wata da nake ganin ƙawata ce ta fi kowa ƙyaƙyatawa. Na je bayan aji na yi kuka har na gode Allah. Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan fa makon farko gaba ɗaya yaran makaranta shara da cire ciyawa yake sa su, manyan kuma ya tura su gonarsa. Wannan ba ɓata lokaci ba ne a wurinsa, kacici-kacicina ne ɓata lokaci. Bayan an kawo littattafan Mu Karanta na shirin koyar da karatu na NEI Plus, wanda aka yi a nan Bauchi da Sakkwato, aka ga ashe waƙa da labari suna cikin darasin kansa, shi ne a gaba wajen nuna wa baƙi ajina. Har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah, amma in na tuna yaran nan uku sai zuciyata ta tafasa.

To, mu koma. Kacici-kacicin dai ki yi shi, yana aiki. “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya,” tsintsiya ke nan. Ki raba aji gida huɗu, wanda ya kasa ya ba da gari kamar yadda ake yi a dandali. Nan ma ga darasi a ɓoye: ki ce ba a karɓar gari sai na jiharmu. Azare, Misau, Ningi, Jama'are, Dass, Toro, Alkaleri. Kafin zango ya yi nisa sun haddace yawancin ƙananan hukumomi 20 ɗin nan ba tare da kin rubuta ko ɗaya a allo ba. Haka karya harshe, irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto. Dariya za su yi har da faɗuwa, ke kuma kunnenki na kan wanda ba ya bambanta k da ƙ.

Wanda na fi so shi ne tsallen gaɓa. Ki zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, da alli in siminti ne, da tsinke in turɓaya ce. Kowane gida ki rubuta gaɓa ɗaya: ba, ka, na, ma, ta. Yaro ya yi tsalle yana faɗar abin da ya taka, in ya taka biyu ya haɗa su, ka da ka, kaka. Ki riƙe 'yar takarda kina yi wa sunaye alama a ɓoye: wannan ya san baƙi, wannan yana haɗa gaɓa, wannan bai san komai ba. Kada takardar sakamakon aji ɗaya ta ruɗe ki, za ki ga wanda aka rubuta ya zo na biyar bai san harafin farko na sunansa ba. In kin ce jarrabawa ce sai su ƙame, wasu ma gobe ba za ki gan su ba.

Lissafi kuma, ki ce kowa ya zo da marfin kwalba goma ko 'ya'yan tsamiya. Ba kuɗi ba, don Allah kada ki ce a zo da komai na kuɗi, iyaye sun sha wuya da kuɗin yunifom da takalmi. Ki mai da kusurwar aji kasuwar Wunti, wasu na sayar da tumatir na dutse, wasu na ciniki. In kin samu tsohuwar naira 5 ki nuna musu hoton Abubakar Tafawa Balewa, ki gaya musu malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama Firayim Minista, kuma ga kabarinsa nan cikin gari. Da yawansu suna wucewa ta wurin ba su san na waye ba.

Af, taken ƙasa. Tun da aka dawo da tsohon a 2024, ki saurara a asambili ki ji abin da yara ke rerawa, wallahi ba Turanci ba ne, ba Hausa ba. Layi ɗaya a rana da tafi ya ishe su, kafin bikin 1 ga Oktoba sun kama.

Langa kam ki bar wa malamin motsa jiki. Yaro ɗaya ya goge gwiwa, gobe uwarsa na bakin ofis. Kuma kada wasa ya wuce minti goma sha biyar, yaro tamanin in suka ɓalle ba mai tare su. Ki koya musu alamar shiru tun ranar farko, ni tafi uku nake yi su amsa da biyu. Muryarki ce jarinki, in ta dishe a Satumba za ki sha wuya har Disamba. Ki sa ido kuma kan wanda ya kwantar da kai bai shiga wasa ba, lokacin sauro ne, sau da yawa zazzaɓi ne ko yunwa, ba taurin kai ba. Sannan duk wasan sunan nan ki sake shi a mako na uku, don sai lokacin waɗanda ke gona da masu talla za su fara shigowa.

Wani abu kuma, duk wanda ke da jagoran malami na Mu Karanta na aji biyu a cikinmu, don Allah ya ɗauki hoton shafukan farko ya turo wa Malama. Nawa gara ta cinye shi a kabad ɗin ofis lokacin dogon hutu, da ni zan turo.