An ɗauke wa ɗana nonon taimako an ba wani

Tambaya: Likita, matata ta haihu a wata takwas nan Tahoua, yaron kilo 1 da giram 800. An fara ba shi nonon da wata mata ta tatsa, sai aka maida shi ga wata jaririya. Na matata kuwa rawaya ne, bai fi ɗigo ba, gyatumata ta ce mugun nono ne, a zubar. Ba son kai aka yi mana ba?

Amsa: Malam, Allah ya raya. Ba a yi muku son kai ba. Nonon taimako kullum ba ya isa, don haka ana fara ba bakwainin da bai kai giram 1500 ba ko aka haifa kafin sati 32, sai wanda uwarsa ta rasu ko take kwance. Su ne madarar gwangwani ta fi jefawa cikin ciwon ruɓewar hanji: ciki ya kumbura, amai ya zo kore, kashi da jini. Lissafin ma a fili yake. Jaririya mai giram 1200 ana fara ta da kamar mililita 2 duk awa uku, ɗanka kuwa in ya kama ci zai sha kusa da mililita 300 a yini. Abincinsa na rana guda zai riƙe ƙananan da yawa.

Zancen zubarwa shi ne ya fi tada mini hankali. Wannan rawayan dakashi ne, kuma hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa nonon uwa gaba da na kowace mace. Na taimako sai an gwada mai shi, sida da ciwon hanta da tunjere, a dafa shi a digiri 62.5 minti 30, dafuwar kuma tana rage masa ƙarfin kariya. Dakashi ɗanye yake shiga, ya shafe hanjin yaro. Amma kullum sai an tarar da tsohuwa ta jefa tururuwa cikin nono, in ta mutu a ce nonon ne ya kashe ta. Tururuwa nutsewa ta yi, Malam! Daga nan sai rubutu, sai zuma, sai nonon akuya a ludayi, ga mai maganin "wanke nono" ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Yaro ya shaƙe ko ya kama zawo, a ce iska ce. Ka yi wa Inna bayani da ladabi, amma ko ɗigo kada a zubar.

Mai jego ta wanke hannu da sabulu, ta tatsa sau takwas a yini har da dare, cikin kofi mai murfi da aka tafasa. Ko ɗigo biyar ne, ungozoma za ta zuƙe da sirinji ta ba shi. Uwar ta ɗaura yaron a ƙirji fata da fata, kwana uku zuwa huɗu nono zai sauko. In babu firijo, da zafin nan namu, a ba shi da an tatsa, kada ya haura awa huɗu.

Matar da ya sha nononta kuwa, a rubuta sunanta da yawan shan, saboda hukuncin ƴan'uwantakar shayarwa ranar da aure ya taso.