Amsa ga mai 350Z da ke son saka kamshaf 272

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka amma na bari sai na samu natsuwa, don ba magana ce ta layi biyu ba. In na fahimce ka daidai, kana da Nissan 350Z ta 2004 mai giyar hannu, ka riga ka canza salansa da bututun shaƙar iska, ita kake hawa kullum zuwa aiki, yanzu kuma kana so ka saka mata kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, mai lamba 272 saboda ka ga wata a bidiyo tana wannan kukan na gur-gur-gur in tana sulo, shi ne kake tambaya ko zai ƙara mata ƙarfi, kuma ko ɗaurawa kawai ake yi a tayar.

Zai ƙara, amma ba a wajen da kake tuƙi ba. Kuma a'a, ba ɗaurawa kawai ake yi ba.

Bari in fara da abin da ya same ni, don ni ma ta wannan ƙofar na shigo. Shekarun baya ina da wata ƙaramar mota mai ƙofa biyu, silinda huɗu, lita 2.0, babu turbo. Na buɗe jerin kamshaf na wani kamfani na ga matakai uku, ban tsaya wata-wata ba na ɗauki na ƙarshe, a tunanina mafi girman lamba shi ne mafi ƙarfi. Ranar da muka tayar da ita wallahi na ji daɗi, ƙarar ta fito yadda nake so, sitiyari har rawa yake a hannu, allurar juyin inji tana hawa tana sauka ita kaɗai. Washegari da na shiga hanya labari ya canza. Duk inda danja ta tsayar da ni sai na ba ta totur sosai ina sakin kuloci a hankali a hankali kafin ta yarda ta tashi, in na kunna AC a tsaye sai ta yi shiru ta mutu, tufafina duk warin fetur. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne birki. A cikin gosulo na taka sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai na ji fedar ta yi tauri kamar dutse na taka, motar tana ci gaba da gangarawa, da ƙyar na tsaya saura kaɗan in taɓa ta gabana. Ba birkin ne ya lalace ba, injin ne ya daina zuƙo isasshiyar iskar da na'urar taimakon birki take dogaro da ita ta sauƙaƙa maka takawa. Sama da juyi 5500 a minti kuwa sai ta zama wata mota daban, tana ja kamar ba za ta daina ba. To amma da na sa ido sati guda a kan yadda nake tuƙi, sai na ga da wuya allurata ta wuce 3500. Ashe ƙarfin da nake amfani da shi kullum na bayar, na karɓo wanda sai sau ɗaya a wata nake taɓa shi. Wata bakwai na yi haƙuri, daga baya na sauke na koma matakin farko.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kamshaf shi ke cewa bawul yaushe zai buɗe, iya ina zai buɗe, yaushe zai rufe, kuma yana juyi ɗaya ne duk sanda karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, ya yi biyu. Lambar nan 272 da kake gani digiri ne na juyin karanshaf, wato cikin digiri 720 da inji ke cika zagayensa, bawul yana buɗe na tsawon 272. In ka tsawaita wannan lokacin, bawul ɗin shigar iska zai makara wajen rufewa, fistin ya riga ya kai ƙasa har ya fara dawowa sama shi kuma yana buɗe. A juyi mai yawa wannan alheri ne, don iskar ta taho da gudu, ko fistin ya juyo ita tana ci gaba da cusa kanta, silinda ta cika fam. Amma a juyi kaɗan iskar ba ta da wannan gudun, sai fistin ya tura wani kaso na abin da ya shaƙa ya koma ta inda ya fito, matsin cikin silinda ya ragu, shi ya sa motar ke zama kamar mai jin barci a ƙasa. Sannan akwai ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare, shi ma yana ƙaruwa, hayaƙi ya garwayu da sabon mai a sulo, wuta ta kama a wannan zagayen ta ƙi kamawa da kyau a na gaba. Kukan da ya burge ka a bidiyo kenan fa. Inji ne da bai ƙone mai daidai ba a sulo. Ni ma ina son ƙarar har gobe, ba zan ɓoye maka ba, amma ka san mene ne ita kafin ka saye ta.

Wani abu kuma da ke rikita mutane, 272 na wannan kamfani ba lallai ya zama 272 na wancan ba. Lambar talla ce, kowa da inda yake fara ƙirgawa. Abin da za ka nema shi ne tsawon buɗewa da aka auna bayan bawul ya ɗaga wani takamaiman tsayi. Kamfanonin Amurka irin su Comp Cams da Brian Crower suna bayar da shi a inci 0.050, wato milimita 1.27, wasu na Japan da Turai kuma a milimita 1 suke aunawa. In za ka gwada kamshaf biyu to ka tabbata a ma'auni ɗaya kake gwada su, in ba haka ba kana iya ɗauka ƙarami ka saya alhali babba ne.

Yanzu mu zo kan injinka. VQ35DE na 2004 doki 287 yake bayarwa a juyi 6200, ƙarfin jansa mafi yawa yana wajen 4800, jan layi kuma, wato iyakar juyin da aka yarje wa injin, 6600. Ka lura da wannan 6600 ɗin da kyau. Kamshaf mai tsawon buɗewa sosai yana fara nuna kansa ne a sama, yana so a bi shi har 7000 da ɗoriya, kai kuma kwamfutar motarka za ta yanke maka mai tun bai gama miƙewa ba. Sai ka ce to a ɗaga iyakar, kuma ana ɗagawa, amma daga nan maganar ta bar kamshaf ta koma kan sifirin ɗin bawul da kusoshin kwanrod (ƙarfen da ya haɗa fistin da karanshaf) da famfon baƙin mai, su ne masu wannan injin suke fara canzawa in za su zauna a juyi mai yawa. Ita kanta Nissan da ta so ta kai 7500 a injin VQ35HR na 2007 ai ba kamshaf kaɗai ta sauya ba, mafi yawan kayan cikin injin ta sake.

Kuma ka tuna V6 ne mai kamshaf huɗu da bawul 24, sarƙar taimin gare shi ba bel ba, sai an buɗe murfin gaban inji gaba ɗaya. Ba aikin yamma ɗaya ba ne. Tunda an buɗe ɗin ka sa a duba sarƙar da abin da ke ɗame ta da famfon ruwa, don shi ma sarƙar ce ke juya shi, kar ka rufe bayan wata biyu ka sake buɗewa.

Maganar sifirin kada ka yi wasa da ita. Kamshaf na ƙarin ƙarfi yawanci yana danna bawul ya zurfafa fiye da na asali, kuma yana buɗe shi da sauri. In sifirin ya yi laushi, a babban juyi bawul ba ya bin kamshaf ɗin ya dawo a kan lokaci, sai ya riƙa shawagi, fistin kuma ba ya jiran kowa. In kuma zurfin ya wuce abin da sifirin zai iya lanƙwasawa sai zobbansa su haɗe ya zama kamar guntun ƙarfe, wani abu dole ya karye. Takardar da ke zuwa da kamshaf tana faɗin ko sifirin na asali zai ɗauka, ka karanta ta da kanka kar ka bar wa mai sayarwa.

Tazarar bawul da fistin ita ma aunawa ake yi ba zato ba. Na tsaya a kan wani tsohon bakanike yana yi, kuma tun ranar na daina yarda da “ai zai wuce”. Laka irin ta wasan yara ya liƙa a kan fistin, ya shafa wa bawul ɗin ɗan mai don kar ta manne, ya ɗora kan injin ya ɗaure, ya juya karanshaf da hannu zagaye biyu a hankali yana saurare, sannan ya sauke ya yanka lakar da reza ya auna kaurin wajen da bawul ya danna. Abin da aka saba nema shi ne kamar milimita 2 a na shiga, 2.5 a na fita. A injinka akwai ƙarin abin lura, don kamshaf na shigar iska yana da na'urar da ke matsar da shi gaba da baya da matsin mai, to ba a inda yake zaune kawai za a auna ba, sai an lissafa da inda zai kai in kwamfuta ta tura shi gaba gaba ɗaya, a nan ne bawul ya fi kusantar fistin.

Sai tafet, wato abin da ke tsakanin kamshaf da bawul. Wannan injin ba shi da tafet mai daidaita kansa da matsin baƙin mai, ƙoƙuna ne na ƙarfe masu kauri daban-daban, in tazara ba ta yi ba sai an canza ƙoƙon da wani mai kaurin da ya dace. Na asali in inji ya huce milimita 0.26 zuwa 0.34 ne a shiga, 0.29 zuwa 0.37 a fita, amma in sabon kamshaf ya zo da tasa lambar ita za a bi. Guda 24 ne, ɗaya bayan ɗaya da fila gej, siraran ƙarafan auna tazara, ana rubutawa a takarda. Wanda ya ce maka zai gama wannan cikin awa ɗaya bai auna ba.

Bayan duk wannan sai tunin, wato sake saita kwamfutar motar. Kwamfutar motar ta san numfashin tsohon kamshaf ne, in ka canza mata huhu ba ka gaya mata ba za ta yi ta laluben sulo, ta kunna maka fitilar inji, mai ya yi yawa a nan ya yi kaɗan a can. Sai an hau daino, na'urar auna ƙarfin inji, an gyara mai da lokacin wuta da yadda ake matsar da kamshaf ɗin shiga, a ɗan ɗaga sulo. Rabin abin da na sha a motata rashin wannan ne, don sai da na yi wata biyu kafin a taɓa min kwamfutar, kuma da aka yi ta daina mutuwa a tsaye, amma raunin ƙasa bai tafi ba saboda shi daga ƙarfen yake.

Ka duba abin da Honda ta yi a 1989 da ta fito da VTEC a injin B16A, ƙusumbi iri biyu, wato tudun da ke danna bawul, ta sa a kamshaf ɗaya, ƙarami na yawon gari da babba da ke shigowa in juyi ya hau, don injiniyoyinta sun san siffa ɗaya ba ta iya gamsar da ƙasa da sama a lokaci guda. Naka injin yana iya matsar da lokacin buɗewa, amma ba ya iya canza tsawonsa ko zurfinsa, abin da ka ɗaura shi za ka zauna da shi daga sulo har jan layi.

Da ni ne da motarka, tunda ita ce ta zuwa aiki, matakin farko zan ɗauka, irin masu lambar talla 256 zuwa 264 da zurfi matsakaici, in haɗa da sifirin in takarda ta ce a haɗa, in yi tunin a satin da aka ɗaura. Za ka ji ta buɗe daga tsakiya zuwa sama, birkinka na nan, AC ɗinka na nan. 272 kuwa sai in ka yanke shawara motar ta zama ta filin tsere, za ka buɗe ƙasan inji, ka ƙara matsi da wasu fistin, ka ɗaga jan layi. Kuma in a inda kake ana gwajin hayaƙi kafin sabunta takardu ka bincika tukunna, babban kamshaf yana iya kayar da kai a gwajin sulo.

Kafin ka sayi komai ka yi abu biyu ka dawo mana da su. Ka sa a gwada matsin silinda shidan, don injin da ya fara shan baƙin mai ko zobensa ya gaji ba kamshaf yake buƙata ba tukunna. Sannan ka yi sati guda kana kallon allurar juyi a tuƙinka na yau da kullum, ka rubuta sau nawa ta wuce 5000. Ka turo lambobin tare da takardar kamshaf ɗin da kake so, wadda ke nuna zurfi da tsawon buɗewa a 0.050, in sha Allah sai mu duba tare.