Kwandalar Jingina a Keken Sayayya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shiga wani babban kanti a Jamus, sai na tarar an sarƙafe kekunan zuba kaya da juna, ba a iya zare ko ɗaya sai an saka kwandala. Shin kuɗin haya ne, kuma haka ake yi a ko'ina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jingina ce ka bayar, kuma kuɗinka za su dawo hannunka. A jikin mariƙin kowane keke akwai ɗan kwaɗo da guntuwar sarƙa mai ɗauke da makulli, idan ka tura kwandala sai makullin keken da ke maƙale da naka ya saki, in kuma ka gama sayayya ka mayar da keken cikin layi ka cusa makullin, kwandalar za ta fito. A Jamus galibin kwaɗunan suna karɓar santi 50 ko yuro 1, wasu har yuro 2, kuma mutane da yawa suna rataye ɗan faifan roba mai girman kwandala a jikin makullansu domin wannan buƙata.

A ganina ba a yi wannan dabara don ɓarawo ba, domin wanda ya yi niyyar tafiya da keke ba zai fasa saboda yuro ɗaya ba. Manufar ita ce mai saye ya mayar da keken da kansa, kanti ya huta da biyan ma'aikacin da zai riƙa tattaro su a wurin ajiye motoci.

A Birtaniya fam 1 ake sakawa, shi ya sa da aka fito da sabuwar kwandala mai kusurwa 12 a shekarar 2017, sai da kantuna suka gyara kwaɗunan kekunansu, har babban kantin nan Tesco ya bar da yawa daga cikin nasa a buɗe na ɗan lokaci. Amurka kuwa, inda Sylvan Goldman ya ƙirƙiro keken a Oklahoma a 1937, ba ta rungumi tsarin sosai ba. Yawancin kantuna ma'aikata ke tattara kekuna, wasu kuma suna sa wa tayar keken birki mai kamawa da zarar an ƙetare iyakar haraba. Wanda ya yi suna da jingina a can shi ne kantin Aldi, wanda asalinsa na Jamus ne, kuma santi 25 kawai yake karɓa.