Wane Shirin Sherlock Holmes Ne Ya Fi Bin Littafi?

Ka tambaya, a cikin shirye-shiryen talabijin da aka yi a kan Sherlock Holmes, ƙagaggen mai binciken laifuka, wanne ne ya fi bin abin da marubucin da ya ƙirƙiro shi, Arthur Conan Doyle, ya rubuta. Amsata ita ce shirin da gidan talabijin na Granada da ke Ingila ya yi daga 1984 zuwa 1994, mai kashi 41, wanda Jeremy Brett ya fito a matsayin Holmes. Shirin BBC da ya fara a 2010 yana da armashi, amma ya ɗauko labarin ya kawo shi Landan ta yau, da wayar salula da intanet, don haka ba shi kake nema ba.

Na karanta labarin The Speckled Band, ɗaya daga cikin gajerun labaran Holmes da Doyle ya rubuta, kafin na kalli yadda Granada suka shirya shi, kuma na tarar da alamomin da Holmes ya bi ya gano gaskiya suna nan yadda suke a littafi: igiyar ƙararrawar da ko an ja ta ba ta kaɗawa, da gadon da aka kafe a ƙasa, da 'yar kafar iskar da ta ɓulla ɗakin da ke maƙwabtaka. Sharaɗina ɗaya shi ne ka fara da kashin farko-farko na shekarun 1980, domin daga baya rashin lafiya ya kama Brett har ya rasu a 1995, sannan a dogayen kashin da aka yi a 1993 an ja gajeren labari an cusa masa abubuwan da Doyle bai rubuta ba.