Rijiyoyin Zafin Ƙasa: Su Ke Jawo Girgizar Ƙasa?

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa. Na ji an ce inda ake haƙa rijiyoyi masu zurfi don samar da lantarki daga zafin cikin ƙasa, ana yawan samun girgizar ƙasa. Yaya masana ke bambanta girgizar da haƙa ta jawo da wadda dama za ta zo?

AMSA: Ɗana, da ƙidaya ake ganewa. Masana kan kafa na'urorin da ke jin motsin ƙasa, har wanda ɗan Adam ba ya ji, su rubuta lokacin kowace girgiza da zurfinta da ƙarfinta, sannan su jera wannan lissafi kusa da na ruwan da aka tura cikin rijiya don ya buɗe tsagogin dutse ya ɗauko zafinsa. Idan ƙasa ta shekara da shekaru shiru, sai ƙananan girgiza suka taru a gindin rijiya daidai kwanakin da ake tura ruwa, to da wuya a ce katari ne, domin ruwan da ya kutsa tsagar dutse da ƙarfi yana sassauta riƙon da ɓangarorin biyu suka yi wa juna.

Akwai ƙa'idar da masana girgizar ƙasa Gutenberg da Richter suka fitar a 1944: galibi, duk girgiza ɗaya mai maki 3 a ma'aunin ƙarfin girgiza tana da kusan goma masu maki 2 da ɗari masu maki 1. Yawan ƙananan ne ke nuna yiwuwar babba, amma ba ya faɗin ranarta, kuma wannan ne ɗalibai suka fi mantawa.

A Basel ta Suwizalan, inda aka yi aikin irin wannan rijiya, a Disamban 2006, girgiza mai maki 3.4 ta auku sa'o'i kaɗan bayan an dakatar da tura ruwa, aka soke aikin a 2009. Na Pohang a Koriya ta Kudu ya fi tayar mini da hankali: girgiza mai maki 5.4 ta zo ranar 15 ga Nuwamba 2017, kusan wata biyu bayan turawar ƙarshe, ta jikkata mutane ta lalata gidaje, kuma a 2019 kwamitin da gwamnati ta kafa ya ɗora alhakin a kan aikin.

Mu ma muna da ruwan zafi a Tafadek, arewa da Agadas. In har wata rana aka yi niyyar haƙa a can, a ganina wajibi ne a kafa na'urorin shekaru kafin rijiyar farko, don a san yadda ƙasar take motsi tun ba a taɓa ta ba.