Kada ka ba ejan ɗin nan fasfonka, kuma ka faɗa wa gida gaskiyar albashinka

Wasiƙar yau daga wani ƙaninmu ce ɗan Kaduna, shekararsa 24, yana buga ƙwallon kwando a Sifaniya, a rukuni na uku wanda da ake kira LEB Plata, tun 2024 ya koma Segunda FEB. Ya ce kwantiraginsa zai ƙare a watan Mayu, katin zamansa kuma a Agusta, ga kulob na riƙe masa albashin wata biyu. Wani ejan, wato mai nema wa 'yan wasa kulob, ya same shi a Instagram ya ce ya kawo yuro 2,500 da fasfonsa, zai kai shi gwajin G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, a Amurka. A gida ana jiran ya yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki, yayansa yana ta yaɗawa a unguwa cewa ƙaninsa "ɗan NBA" ne. Tambayarsa: ya ci bashi ya biya ejan ɗin ko ya haƙura?

Ƙanena, kada ka ci bashin nan. Ko sisi kada ka tura, fasfo kuma ko hotonsa kada ka ƙara aika masa.

Bari in fara da gwajin da yake maka alkawari. Kulob-kulob ɗin G League suna buɗe gwaji kafin kaka ta fara, wajen Satumba da Oktoba, kuma kowa na iya yin rajista da kansa a shafin kulob ɗin da 'yan daloli ɗari kaɗan, ba sai da ɗan tsakiya ba. Wato abin da zai sayar maka a 2,500 abu ne da ke ajiye a fili. Na san zai kawo maka labarin Jonathon Simmons, wanda ya biya dala 150 ya shiga gwajin kulob ɗin birnin Austin a 2013 har ya kai San Antonio Spurs na NBA, kuma gaskiya ne hakan ta faru. Amma Simmons ɗan Houston ne, a jiharsu ya je gwajin, da bai yi nasara ba gida zai koma ya kwana. Kai fa? Kai za ka bar ƙasar da kake da takarda, ka shiga Amurka da bizar ziyara wadda ba a aiki da ita (in ma an ba ka), ka yi wuni ɗaya kana gudu cikin taron mutane, alhali yawancin gurabe an riga an cike su da waɗanda kulob ɗin NBA suka turo da tsofaffin 'yan wasan bara. In ka dawo ka tarar katinka ya mutu, wa zai buɗe maka ƙofa?

Ejan na gaskiya yana da lasisin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, sunansa na cikin jerin da FIBA ta sa a shafinta, ka shiga ka duba yau ɗin nan. Kuma ladansa daga kwantiragin da ya samo maka yake fita, kashi 10 cikin 100 ne iyaka, bayan an sa hannu. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin takarda ta zo daga kulob to dillalin wahala ne, ko da ya turo maka hotonsa da manyan 'yan wasa. Na ga yaro da aka karɓi kuɗinsa aka ce gwaji a gabashin Turai, ya sauka filin jirgi babu wanda ya zo tararsa, lambar ejan a kashe. Na ga wani kuma wanda fasfonsa ya yi wata da watanni a hannun mutum, kullum "ana aiki a kai", har lokacin sabunta katinsa ya wuce yana kallo. Shi wannan na biyun har yanzu bai daidaita ba, a gonar tumatir yake a kudancin Sifaniya, mutum mai tsawon da sai ya sunkuya zai shiga ɗaki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba ejan ba ne, Agustan nan ne da ka ambata kamar ba komai ba. Katinka a kan aikinka yake tsaye. Ana karɓar neman sabuntawa daga wata biyu kafin ya ƙare har zuwa wata uku bayan ya ƙare, amma kada ka jira ƙarshen, kuma abin da za su duba shi ne watannin da aka biya maka kuɗin Seguridad Social, wato inshorar ma'aikata ta gwamnati, da kuma ko kana da kwantiragi a hannu. To ka tabbata kulob ɗinka sun yi maka rajista kuwa? Ka ciro vida laboral ɗinka, takardar da ke nuna watannin aikin da aka yi maka rajista, kyauta ne, a waya ma ana yi. A ƙananan rukunai an saba a ba ɗan wasa ɗaki da abinci da ɗan abu a ambulan a kira shi kuɗin zirga-zirga, shi yana ganin albashi yake ci, a takardar gwamnati kuwa bai taɓa aiki ba. In ka ga watannin sun cika, alhamdulillahi. In ka ga rami, gobe ka nemi lauyan shige da fice, ba wanda ake haɗa ka da shi a shagon tura kuɗi ba.

Albashin wata biyun kuma kada ka bar shi a bakin "shugaba ya ce in yi haƙuri". Dokar ƙwadago a can shekara ɗaya ta ba ka ka nemi haƙƙinka, ana fara wa da takardar sulhu kafin kotu. Ka duba kwantiragin ko akwai sharaɗin BAT, kotun sasanci ta FIBA da ke Geneva, sai dai ita sai an biya kuɗin buɗe fayil, kuma a bashin wata biyu na rukuni na uku zai iya cinye ribar. Ka rubuta musu a rubuce, cikin ladabi, ka ajiye kofi. Kada ka yi zuciya ka tattara kaya kafin kaka ta ƙare, don duk ranar da za ka koma wata ƙasa sai an fitar maka da takardar sallama daga hukumar ƙwallon kwando ta Sifaniya, kuma kulob ɗin da ka gudu ka bari da kwantiragi a kanka zai iya tare ta.

Wani abu da kake da shi ba ka san darajarsa ba: fasfon Najeriya a Sifaniya "kotonu" ne, sunan da ya samo daga tsohuwar yarjejeniyar Cotonou ta 2000 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashe irin namu, wato ba a lissafa ka cikin gurbin baƙi irin na Amurkawa. Har fasfon jabu aka yi ta nema don wannan matsayin, ka tuna badaƙalar fasfon Equatorial Guinea ta 2015. Kai naka halal ne. Kasuwarka tana nan inda kake, hawa ɗaya sama Primera FEB ce, kuma shekara biyar ta zama bisa doka tana kai mutum ga katin dogon zama. Ka haɗa bidiyon wasanninka, ka roƙi kocinka ya yi maka magana, a samu sa hannu kafin Yuli ko da kuɗin bai ƙaru ba.

Yanzu maganar gida, kuma a nan ina bayanka. Yayanka bai kyauta ba. Shi ya ɗaura maka rawanin da ba naka ba, yanzu kai ake jira ka biya kuɗin naɗi. Amma kai ma ƙanena akwai naka, hotunan nan da kake sawa da riga mai lamba da sabon takalmi ba tare da ka taɓa cewa ku huɗu ne a gida ɗaya ba, kuma daga Mayu zuwa Satumba ba a biyanka ko kwabo. Mutanen gida ba su san akwai rukuni na uku ba, su dai Turai ce kuma ƙwallo ce. Zumunci wajibi ne, amma babu inda addini ya ce ka ci bashi da ruwa a ƙasar mutane don a ce gadon amarya ɗan waje ne. Kayan ɗaki nauyin uba ne da dangi gaba ɗaya, kai gudummawa ce taka, daidai ƙarfinka.

Kada ka bi ta wajen yayan. Ka kira Hajiya kai tsaye, lokacin da ka san ita kaɗai ce, ka faɗa mata adadin da kake samu, da wata biyun da ba a biya ba, da cewa in kuɗin lauya bai samu ba a Agusta zaman ma zai iya ƙarewa. Iyaye mata sun fi mu fahimtar wannan lissafin. Ka yanke abin da za ka iya, ka ce ga shi, ka tura mata a hannunta, sauran kuma ka ajiye shi na bazara da takardu. In yayanka ya yi fushi ya yi, zai huce kafin ranar ɗaurin aure.

In vida laboral ɗin ta fito ka sake rubuto min da abin da ka gani a ciki, ka haɗa da ranar da ke jikin katinka daidai, sai mu lissafa daga nan.