Ku Tambaya Mu Amsa: Barci ya sace maigidana a kan sitiyari, wa zai biya kuɗin asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a sakaya sunana. Maigidana yana aiki a wani kamfanin roba a Sharada, dutin dare yake yi daga bakwai na yamma har bakwai na safe. Satin da ya wuce ya taso zai dawo gida a motarsa, yace shi dai abin da ya sani ya wuce Naibawa lafiya lau, daga nan sai ƙara yaji, ashe gyangyaɗi ne ya kwashe shi ya daki wani ɗan adaidaita sahu ta baya. Shi ya karye a ƙafa, ɗan sahun ya karye a hannu, wata mata da take ciki kuma sai da aka mata ɗinki a goshi. Yanzu manajansu yace wai tunda ba a cikin get ɗin kamfani abin ya faru ba babu ruwansu, dangin ɗan sahu kullum suna ƙofar gida, abokansa kuma sai zuga shi suke wai yace burki ne ya shanye kar ya kuskura ya ambaci barci. Malam ina mafita? Daga wata baiwar Allah, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba su lafiya su ukun, ya kiyaye gaba.

Bari na fara da maganar burki don ita ta fi tayar min da hankali. Kar ya yi. 'Yan sanda kan sa jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, su duba mota bayan haɗari, in suka taka burki suka ji shi garau to ya zama maƙaryaci a cikin fayil, kuma duk abin da zai faɗa daga baya ko gaskiya ne ba mai yarda. Masu binciken haɗari ma sun san alamar wanda barci ya ɗauke, ba a ganin sawun taya a kwalta saboda mai barci ba ya taka burki sai bayan ya daka. Ga kuma haƙƙin mutum biyu da aka raunata, ƙarya ba za ta sauke masa shi ba. Ya samu lauya kafin ya ba da bayani a rubuce, in babu hali akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa wato Legal Aid Council, talaka aka kafa ta domin shi.

Shi kuma manaja, maganarsa ba haka take a doka ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ce ke tafiyar da ita, kowane kamfani ana so ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun, kuma daga aljihun kamfani ba daga albashin ma'aikaci ba. Dokar ta faɗa ƙarara cewa haɗarin da ya samu ma'aikaci a hanya tsakanin wurin aiki da gidansa yana cikin abin da ake biya, in dai kamfanin ya san da adireshin gidan tun da farko. Kuma ba a gina tsarin a kan neman mai laifi ba, sannan ko ɗan kwantiragi ne ko wanda ake biya kullum-kullum ya shiga ciki. Inda mutane ke faɗuwa shi ne lokaci. Ana so a sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, neman diyyar kansa a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Kin ce satin da ya wuce ne, to yau ɗin nan ba gobe ba a rubuta takarda, a sa rana da wuri da yadda abin ya faru, ƙaninsa ko wani ya kai, a buga mata hatimin karɓa a dawo muku da kwafi. Faɗa wa manaja ta waya ba hujja bace. In suka ƙi karɓa ko ya zamana ma ba su taɓa yi wa ma'aikata rajista ba, ku wuce ofishin NSITF na Kano da kanku ku kai ƙorafi.

Sai ɗan sahu da matar nan. Wannan aikin inshorar motarsa ne, wadda ake yanka ta dole, ta tad fati. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma tana ɗaukar rauni ko rasa rai na wanda aka buge. Amma ba ta biyan ƙafar maigidanki ko gyaran tasa motar, a san da wannan. Matsalar ita ce da yawanmu a bakin ofishin lasin muke ba wani yaro kuɗi ya kawo takarda, sai ranar irin wannan a gano ta bogi ce. Ku duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID, in ta fito ta gaske ce ku sanar da kamfanin a rubuce da gaggawa kafin ku yi wa kowa alkawarin adadi. Za su nemi rahoton 'yan sanda, rahoton likita, hotunan motocin da rasit, saboda haka ko rasit ɗin bandeji na ɗari biyar kar a yar, a samu leda ɗaya a riƙa tarawa.

In ta bogi ce, to nauyin yana wuyansa, sai sulhu. Ni ban ƙi sulhu ba, ya fi yawon kotu, amma a yi shi da adalci. Ɗan sahun nan wataƙila ba mashin ɗinsa bane, balas yake kai wa mai shi kullum, hannu a karye wata biyu ko uku ba shiga ba fita kuma ga iyali, to ba kuɗin ɗori kaɗai ya yi asara ba. A zauna gaban mai unguwa ko limami da shaidu, a jira likita ya faɗi yadda raunin zai ƙare kafin a rufe magana, a rubuta kowa ya sa hannu. Musulunci ma bai ce kuskure yana share diyya ba, aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, raunuka kuma suna da nasu hukuncin, sai a tambayi malamin da ya san babin.

Tambaya: Malam ni nas ce a Zariya, ina dutin dare sau uku a sati kuma ni nake tuƙa kaina gida. Ina tauna goro, na sauke gilas, na ƙure rediyo, wani lokacin har wanke fuska nake da ruwan sanyi. Wannan bai isa ba?

Amsa: Sista wallahi bai isa ba, kuma ke kin fi ni sanin jiki. Iska da rediyo na 'yan mintuna ne kawai, ƙwaƙwalwar da take bin ki bashin barci sai ta karɓa, tana iya ɗaukewa na daƙiƙa uku ko huɗu ido a buɗe ba ki ma san an yi ba. Ki lissafa, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa huɗu ya haura mita 110, ya fi tsawon filin ƙwallo, ba kowa a kan sitiyari.

Masu bincike a Ostireliya sun nuna tun 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa na raguwa kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, in ya kai awa 24 kuma kamar 0.10. Mu da ko kusa da giya ba ma zuwa sai ga shi muna tuƙi a irin wannan halin da sunan neman halak. A 2016 kuma wasu likitoci a Boston ta Amurka sun gwada ma'aikatan dare 16 a filin gwajin tuƙi, da suka yi tuƙi bayan sun samu barci ba wanda ya kusa haɗari, da suka yi bayan dutin dare shida daga cikinsu sai da mai sa ido ya taka musu burkin gaggawa. Mutanen nan ɗaya ne, motar ɗaya ce, barcin ne kawai ya bambanta.

Abin da yake aiki shi ne wanda ba ma so mu yi. Kafin ki tayar da mota ki sha kofi mai ƙarfi ko shayi mai kauri, ki samu ɗakin hutu ki kwanta minti 15 zuwa 20, lokacin da za ki farka kofin ya fara aiki. Wannan ma na gajeriyar hanya ne ba na Zariya zuwa Kaduna ba. Ranar da dutin ya yi zafi ki bar motar a asibiti ki hau adaidaita, ko ku haɗa kai da abokan aiki a ɗauki mota ɗaya da direban da ya kwana a gidansa. Ki yi ƙoƙarin samun barcin rana na gaske kafin shiga duti, a rufe labule a kashe waya, mutanen gida su san wannan barcin ba lalaci bane. Tiramadol da sauran ƙwayoyin da wasu direbobi ke sha wai don hana barci kuwa ba sai na miki bayani ba, kina ganin masu su a gadon asibiti.

In kina hanya kika ji hamma ta ƙi tsayawa, ko taya ta hau gefen titi, ko kika kasa tuna shataletalen da kika wuce yanzu, ki shiga gidan mai mafi kusa ki kulle ƙofa ki kwanta, ko da saura minti biyar ki isa gida. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra FRSC ita ce 122, ki ajiye ta a waya.